MATATAR SAUTI TA ƘI AIKI? GA YADDA AKE BIN SAWUN CUTAR

A zangunanmu, tun daga Nima da Sabon Zango a Akra har zuwa Kumasi da Tamale, akwatin rediyo ba baƙo ba ne. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 iyayenmu suka saba da murɗa gajeren zango domin jin labarin gida. To amma akwai wasu mutane da sauraro kaɗai bai ishe su ba. Su ne masu sha'awar rediyo, waɗanda ke karɓar lasisi, su kafa eriya a bayan ɗaki, su yi magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe ba tare da layin tarho ko intanet ba. Kowace ƙasa da harafin kiranta: Gana 9G, Najeriya 5N, Nijar 5U, Kamaru TJ, Togo 5V. A nan ƙasar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCA, ita ke ba da lasisin, kuma ba a yarda kowa ya aika da sigina ba sai da shi.

Akwatin da ke aikawa da karɓa, in na kanti ne, kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin samarinmu. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi na haɗawa da hannu. Wanda ya yi suna a wannan fanni shi ne uBITX, wanda Ashhar Farhan na birnin Haidarabad a Indiya ya tsara, ya fito a 2017 a kan dala 100 da 'yan kai. Yana kama daga megahaz 3 zuwa 30, ƙarfin aikawarsa kuma yakan kai wat 10 a ƙananan zanguna. Babban allon yana zuwa a haɗe, sauran aikin wayoyi da maɓallai da gidan da za a sa shi kuwa na mai saye ne. Bayan an gama wannan, abu na farko da mai son saƙon Mos yakan ƙara shi ne matatar sauti. A nan ne kuma mutane da yawa ke yin tuntuɓe. An jira kaya makonni a gidan waya, an biya kuɗin kwastan, an kwana ana narka dalma, da aka kunna sai shiru, ko gurnani, ko ihu. Wasu daga nan suke tura akwatin ƙarƙashin gado su haƙura da sha'awar baki ɗaya, alhali cutar ba ta wuce waya guda ko rizista guda ba.

MENE NE AIKIN MATATAR?

An gina akwatin ne domin muryar mutum, saboda haka ƙofar da sauti ke shigowa ta cikinta tana da faɗin fiye da haz 2,000. Saƙon Mos kuwa siriri ne ƙwarai. Da dare a zangon mita 40, daga megahaz 7.000 zuwa 7.040, tashoshi biyar ko shida na iya shigowa ta wannan ƙofa a lokaci guda, kowacce da kukanta, kamar kasuwar tsuntsaye. Aikin matata shi ne aikin rariya: ta bar sautin da ake so ya wuce, ta tare sauran.

Wadda aka fi sani ita ce Hi-Per-Mite, ta ƙungiyar Four State QRP Group da ke Amurka. Tsakiyarta haz 700 ne, faɗinta haz 200, wato tana barin abin da ke tsakanin 600 da 800 ya wuce. In aka rage ƙofa daga 2,400 zuwa 200, an rage ta kashi 12 ke nan, hayaniyar sararin sama kuma ta ragu da kimanin desibel 11. Siginar da dā take nutse cikin shuu sai ta fito fili. Irin wannan tsari ne ke cikin akwatin QCX na kamfanin QRP Labs, kuma hanyar binciken da za mu kawo tana aiki ga sauran matatu irinta, har da waɗanda mutum ya haɗa da kansa.

Wurin da ake sa ta shi ne kan wayar da ke kawo sauti daga allo zuwa ƙafar sama ta maɓallin ƙara murya. Ana yanke wannan waya, ɓangaren da ya fito daga allo ya shiga bakin matatar, abin da ya fito daga matatar kuma ya tafi maɓallin. Ana haɗawa da makunni mai ƙafa shida, domin a iya kewaye matatar in ana son jin murya. Muna roƙon kowa kada ya bar wannan makunni, domin shi ne babban likitan da za a fara tambaya ran da abu ya lalace.

KAFIN A TAƁA KOMAI

Dokoki uku ne. Ta farko, a yi gwaji da batir mai bolt 12, a cire akwatin daga wutar gida. Ta biyu, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a saurara, a rubuta abin da aka ji. Wanda ya sake narka wurare goma a tashi ɗaya, ko ya dace abu ya gyaru bai san abin da ya gyara ba, in kuma ya ƙara lalacewa bai san abin da ya ɓata ba. Garin neman gira ake rasa ido. Ta uku, a kashe wuta kafin a kai ƙarfen dalma kan allo.

Sa'an nan a murɗa makunni a kewaye matatar. In akwatin ya yi magana lafiya lau, to cutar tana cikin matatar ko wayoyinta. In ko a haka ma bai yi ba, a bar matatar ta huta, a duba makunnin da wayar da aka yanke. Sau da yawa ƙafafun makunni ne aka juya, domin ƙafafun tsakiya su ne na shiga da fita, ba na gefe ba.

IN AKA JI SHIRU

A ɗauki mitar gwaji a auna wuta a kan allon matatar kanta, ba a bakin batir ba. In wuta ta iso, a duba ko an sa bakin shiga a wurin bakin fita, domin matata hanya ɗaya take bi. Daga nan a duba aisi-aisin da ke kanta: kowanne yana da ɗan gurbi ko ɗigo a gefe guda, kuma dole ya dace da zanen da ke kan allo. A zare shi a hankali a ga ko wata ƙafa ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi maimakon ta shiga raminta. Wannan yakan ɓoye wa ido sosai.

In matatar tana da aisin ƙara sauti LM386, yana da sauƙin tambaya. Ƙafa ta 6 ita ce ta wuta, ta 4 ita ce ta ƙasa, ta 5 kuma ita ce mafita, kuma a kanta ya kamata a ga kimanin rabin wutar da ke kan ta 6. In an ga sifiri, ko an ga wutar gaba ɗaya, to ko dalma ta haɗe ƙafa biyu, ko aisin ya mutu. A kula kuma da yawan wutar: LM386 na gama-gari an yi shi ne domin bolt 4 zuwa 12, alhali na'urar ba da wuta ta masu rediyo bolt 13.8 take bayarwa, batirin da ke kan cajin hasken rana kuma yakan haura 14. Ƙaramin mai daidaita wuta irin 7809 yana raba wannan gardama.

Bayan haka a juya allon a duba dalma da gilashin ƙara girma a cikin hasken rana. Haɗi mai kyau yana da santsi, ya rungume ƙafa da allo kamar ɗan tudu. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo, ko ya yi gautsi, bai kama ba, a sake narka shi.

Akwai wata dabara da masu gyaran rediyo na bakin kasuwa suka saba da ita, wato a taɓa bakin shigar sauti da tsinin sukudireba a ji ko lasifika za ta yi gurnani. A nan dabarar tana iya yaudara. Gurnanin da jiki ke ɗaukowa daga wutar gida haz 50 ne, matatar kuwa an yi ta ne domin ta tare duk abin da ba ya kusa da 700. Saboda haka lafiyayyar matata ma ɗan zizar da za ta bari ya wuce kaɗan ne. Abin da ya fi shi ne a sa wa wayar hannu manhajar da ke fitar da sauti, a saita ta a haz 700, a rage murya ƙasa sosai, a shigar da sautin ta cikin kafasita. Sai a bi shi mataki-mataki da ƙaramar lasifika mai amfilifaya, ita ma da kafasita a bakinta. Matakin da sauti ya shiga bai fita ba, nan ɓarawon yake.

IN SAUTI YA FITO AMMA A RAUNANE

Wannan ita ce cutar da ta fi yawa, kuma sau da yawa matatar ba ta da laifi ko kaɗan. Manhajar asali ta uBITX tana zuwa da sautin Mos a saite kan haz 800. Matatar kuwa 700 take so, 800 bakin iyakarta ne, inda rabin ƙarfin sauti ya riga ya zube. Abin bai tsaya nan ba. Wannan lamba ita ce akwatin ke amfani da ita wajen gusar da siginarsa in zai aika. In mutum ya murɗa har abokin magana ya fito da ƙarfi a 700, akwatinsa kuma yana kan 800, to amsarsa za ta sauka haz 100 a gefen inda abokin ke saurare. In shi ma abokin siririyar matata gare shi, da ƙyar zai ji, ko ma ya wuce bai ji ba. Mutum ya yi ta kira dare bayan dare ba amsa, ya ɗora wa eriya laifi. Maganin bai ɗauki minti biyu ba: a shiga jerin saituna a mai da sautin Mos 700.

Na biyu shi ne saitin BFO, wato abin da ke tsayar da inda ƙofar akwatin ta fara da inda ta ƙare. Ya kamata ta fara daga wajen haz 300. In saitin ya goce har ƙofar ta fara daga 1,000, to sautin 700 ya mutu tun kafin ya iso matatar. Alamarsa ita ce, ko an kewaye matatar, muryoyin mutane sukan fito a shaƙe kamar ana magana ta hanci. A gyara wannan tukuna.

In waɗannan biyu daidai suke, sai a auna matatar ita kaɗai. A ciro ta, a ba ta sauti daga wayar hannu, a fara daga haz 400 ana hawa da hamsin-hamsin har 1,200, ana rubuta abin da mita ta nuna a mafita. Ya kamata ƙololuwa ta kasance kusa da 700, a 600 da 800 kuma a ga kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙololuwar. Ƙananan mitoci masu araha ba su da ma'aunin AC da ya gaza bolt 200, ba za su ga wannan ɗan sauti ba. Wanda irinsu gare shi sai ya dogara da kunnensa, zai ji inda sautin ya fi ƙarfi.

In ƙololuwar ta kauce, ko sautin ya yi rauni ko'ina, an sa wani abu a gurbin da ba nasa ba. Rizista da kafasita su ke yanke wa kowane mataki sautin da zai bari. Lambobin kan kafasita suna kama da juna: 102 nanofarad 1 ne, 103 nanofarad 10, 104 kuma 100. Kuskuren lamba ɗaya ya canza ƙimar kafasitar ninki goma, ya gusar da matakin. Rizistoci masu zobe biyar a kan shuɗin jiki kuwa, ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo duk ɗaya suke a hasken fitila da dare. A bi takardar haɗawa layi-layi. In ana shakkar wata, a ɗaga ƙafarta ɗaya daga allo kafin a auna, domin auna ta a cikin da'ira ba ya ba da gaskiya. Wanda bai fara haɗawa ba tukuna, ya auna kowacce kafin ya narka mata dalma. Rigakafi ya fi magani.

IN SAUTI YA YI YAWA YA FASHE

Ana iya haɗa Hi-Per-Mite ta ƙara ƙarfin sauti, ana kuma iya haɗa ta ba ƙari. Wanda zai sa ta cikin akwatin da ya riga yana da amfilifayarsa, ba ƙari zai zaɓa. LM386 shi kaɗai yana ninka sauti sau 20, in an sa kafasita tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 kuma sau 200. Samfurin uBITX na 5 da na 6 suna da nasu LM386. In aka jera biyu, ko a mafi ƙanƙanta an ninka sau 400. Ga shi kuma akwatin bai zo da abin da ke rage ƙarfin babbar tasha da kansa ba, saboda haka tasha mai ƙarfi na iya faɗowa kunne kamar tsawa. Wanda ke sa abin sauraro a kunne ya kiyaye wannan, kunne ba shi da safaya. In kuma maɓallin murya yana ƙarar yashi duk sanda aka murɗa shi, tun da aka sa matatar, wutar DC ce ke malalowa cikinsa, a sa kafasita tsakanin mafitar matatar da maɓallin.

GURNANI, IHU DA BUGUN KWALEKWALE

In gurnani ya ɓace da aka koma kan batir, na'urar ba da wuta ce mai laifi. Wutar gidanmu haz 50 ce, in an mai da ita DC ba a tace sosai ba takan bar gurnanin haz 100. Cajar waya da ta kwamfuta, da injin janareta, da wasu na'urorin cajin hasken rana, su kuma zizar suke kawowa. A tuna cewa matatar ba ta barin 50 ko 100 su ratsa ta. In an ji su, ta bayan gida suka shigo, wato ta wayar wuta, ko wayar ƙasa, ko wayar da ta fita daga matatar. A yi amfani da waya mai sulke, a gajarta ta, a kai ƙasan matatar wuri ɗaya tak, kusa da ƙasan maɓallin murya. A nisanta wayoyin sauti daga allon lambobi da ƙaramar kwamfutar da ke bayansa, domin su ke kawo ƙas-ƙas in ana murɗa zango.

Ihu kuwa, ko wani bugu fat-fat-fat kamar injin kwalekwale, alama ce cewa sautin da ya fita yana komawa baya. Ko wayar shiga da ta fita sun kwanta tare, ko kuma babbar amfilifaya tana girgiza wutar da matatar ke sha. A raba wayoyin. A sa rizista mai om 100 a kan wayar wutar matatar, da kafasita mai maikrofarad 220 ko 470 daga bayan rizistar zuwa ƙasa. In matatar na jan miliamf 10, bolt 1 kawai za a rasa.

IN SAI AN AIKA TAKE HAUKA

Wata matatar lafiya lau take wajen karɓa, amma da an danna maɓallin Mos sai ƙara ta cika kunne. Siginar akwatin ce ke shiga wayoyin sauti. A cire eriya a sa rizistar gwaji mai om 50 wadda za ta iya ɗaukar wat 10. In ƙarar ta tafi, eriyar ce ba ta daidaita ba, sigina na dawowa ɗaki ta jikin kebul, can za a yi gyara. In ba ta tafi ba, a cikin akwatin ne: a kawar da wayoyin matatar daga wajen transistocin aikawa, a sa kafasita mai nanofarad 1 daga bakin shiga zuwa ƙasa, a zura wayoyin cikin zoben ferait. Har ila yau a duba inda aka ɗebo wa matatar wuta. In daga layin da ke ɗaukewa lokacin aikawa ne, za ta riƙa yin ɗas a kunne duk sanda aka juya daga karɓa zuwa aikawa. Layin da ba ya ɗaukewa ya fi.

ABIN DA BA CUTA BA NE

Muryar mutum ba ta wucewa ta ƙofar haz 200, za a ji ta kamar daga cikin tulu. Wannan ba lalacewa ba ce. Haka nan neman tasha da matata a kunne wahala ne, domin kafin a ankara an wuce ta. A nemo ta da faffaɗar ƙofa, a murɗa har sautinta ya kusa 700, sa'an nan a kunna matatar. Kuma matata a ƙarshen hanya take, in wata ƙatuwar tasha ta riga ta cika matakan da ke gabanta har sauti ya fashe, ba ta iya ɗinke abin da ya yage. Amma in kowane ɗigo na Mos yana jan wutsiya kamar an buga ƙararrawa har haruffa na haɗewa, a koma kan rizistoci, domin an tsara wannan matata musamman don kada ta yi haka.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Ƙurar hunturu takan shiga makunni da ramukan aisi, damina kuma ta jiƙa ragowar man dalma da aka bari a kan allo har wuta ta riƙa yoyo. A wanke bayan allo da sifirit da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe. In za a canza kafasitar da ke yanke sauti, a nemi mai jikin leda, domin ƙananan na yumɓu da ake samu a kasuwa sukan canza da zafi, sai a ga matatar da ke kan 700 da safe ta gusa da azahar.

Tun daga 2003 dokar duniya ta daina tilasta jarrabawar Mos kafin a ba mutum lasisin gajeren zango, amma masu ƙaramin ƙarfi ba su sake shi ba, domin wat 5 na Mos yakan kai inda murya ba ta kaiwa. Tashoshin Afirka ta Yamma kuwa kaɗan ne a iska, shi ya sa in 9G ta yi kira, masu amsawa daga Turai da Amurka sukan yi mata rubdugu, kuma a ranar ne ake sanin amfanin matata. Muna kira ga iyaye da malaman makarantun zango, in sun ga yaro da wannan sha'awa su ƙarfafa masa gwiwa, su haɗa shi da wani mai gyaran rediyo na unguwa. Yaron da ya iya bin sawun sauti daga mataki zuwa mataki da mita a hannu ya kama hanyar sana'a. Wanda kuma nasa akwatin ke ƙarƙashin gado, ya jawo shi ya kakkaɓe, ya fara da makunnin kewaye da saitin 700.